Me ya sa gwamnatin Amurka take rufewa, kuma me zai hana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan gida, kuma lokaci zuwa lokaci nakan ji a rediyo cewa an rufe gwamnatin Amurka, ma'aikata sun yi makonni babu albashi. Abin yana ɗaure mini kai. Ƙasar da ita ce mai dala, ta yaya za ta kasa biyan ma'aikatanta? In kuwa abin yana cutar da jama'a kamar yadda ake faɗi, me ya hana su yin dokar da za ta kawo ƙarshensa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne batun rashin kuɗi. Mu a nan, in ashirin da biyar ga wata ta wuce, talatin ta wuce ba a ji alat ba, abin da ake faɗa a ofis shi ne kason Abuja bai iso ba, ko an karkatar da shi wani wuri. A Amurka kuwa, ranar da aka rufe gwamnati kuɗi suna nan a baitulmali, haraji na shigowa kamar kullum, masu son ba gwamnati rance ba su ragu ba. Izinin taɓa kuɗin ne ya ƙare. Ma'aji yana riƙe da su, doka kuma ta ce in ya fitar da sisi ya yi laifi.

Tsarin mulkinsu ya ce ba a fitar da kuɗi daga baitulmali sai da dokar da majalisa ta yi ta ware su. Namu ma haka ya ce, don daga wurinsu muka kwaikwayo tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979. Shekarar kuɗinsu tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba, kuma kasafin ba ƙunshi ɗaya ba ne irin wanda shugaban ƙasa yake kai wa majalisa a akwati ana ɗaukar hoto. Dokoki ne goma sha biyu, ta tsaro daban, ta noma daban, ta sufuri daban, kowace sai ta ratsa majalisar wakilai da ta dattawa sannan shugaban ƙasa ya sa hannu. Tun da aka fara wannan tsari a tsakiyar shekarun 1970, sau huɗu kacal majalisa ta kammala su duka a kan lokaci, na ƙarshe kuwa shi ne kasafin 1997. Sauran shekarun da kasafin riƙon ƙwarya ake lallaɓawa, wato gajeriyar doka mai cewa a ci gaba da kashe kuɗi daidai da na bara na tsawon mako uku ko wata biyu, kafin a daidaita. Rufewa tana zuwa ne ranar da ko wannan riƙon ƙwaryar aka kasa amincewa da shi.

Ba kuma kome ne yake tsayawa ba. Fanshon tsofaffi da inshorar lafiyarsu da kuɗin ruwan bashin gwamnati suna ƙarƙashin dokoki ne na dindindin, ba a sabunta su duk shekara. Gidan waya da cinikinsa yake riƙe kansa. Ofishin biza ma galibi yakan ci gaba, don da kuɗin da masu nema suke biya yake aiki, shi ya sa wanda yake da ganawa a Abuja ko Legas ba a cika soke masa ba. Abin da ake rigima a kai kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na abin da gwamnati take kashewa. Sai dai cikin wannan kason albashin sojoji yake, da na masu kula da zirga-zirgar jiragen sama, da masu duba lafiyar abinci, da ma'aikatan gidan yari.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har cikin Amurkawan, shi ne rufewar ba tsohuwar al'ada ba ce. A shekarun 1970 an sha samun giɓi, wa'adi ya cika majalisa ba ta gama ba, ma'aikata su ci gaba da zuwa aiki, kowa ya san nan da kwana goma za a sa hannu. A 1980 Shugaba Jimmy Carter ya nemi Antoni Janar ɗinsa, Benjamin Civiletti, ya fassara wata tsohuwar doka ta ƙarni na 19 da ta hana jami'in gwamnati ɗaukar alkawarin kuɗin da majalisa ba ta ware ba. Asalin dokar an yi ta ne don taka wa ma'aikatu birki, waɗanda suke cinye kasonsu tun tsakiyar shekara su dawo su ce wa majalisa ƙaro. Civiletti ya ce ma'anarta a fili take: in babu kasafi, a rufe ofis. A 1981 ya sake fitar da wata fassarar, ya keɓe ayyukan da suka shafi tsare rai da dukiya. Waɗannan takardu biyu su ne tushen duk abin da kake ji. Daga nan ne aka raba ma'aikata gida biyu. Wasu a tura su hutun dole, kuma doka ta hana su yin aikin ko da kyauta, ko saƙon ofis ba a yarda su buɗe ba. Wasu a ce aikinsu ba ya tsayawa, dole su zo, albashi kuwa sai an buɗe.

Sai 'yan siyasa suka gano cewa an miƙa musu makami. A majalisar dattawa mai kujeru 100, dokar kasafi ba ta wucewa sai an sami ƙuri'a 60 na rufe muhawara, kuma ba kasafai jam'iyya ɗaya take da 60 ba. Ke nan marasa rinjaye suna iya riƙe kasafi su ce sai an ba su wani abu dabam. A ƙarshen 1995 kakakin majalisar wakilai Newt Gingrich da 'yan jam'iyyarsa ta Rifablikan suka ja da Shugaba Bill Clinton kan rage kashe kuɗi, aka rufe kwana 5, aka sake rufewa kwana 21. A Oktobar 2013 aka rufe kwana 16, 'yan Rifablikan suna neman a hana dokar inshorar lafiya ta Obama kuɗi. Daga 22 ga Disambar 2018 zuwa 25 ga Janairun 2019 aka yi kwana 35 saboda Donald Trump ya ce sai an ba shi dala biliyan 5.7 na katangar iyakar Meziko. Daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwambar 2025 aka yi kwana 43, wadda ta zarce duk wadda aka yi kafinta, wannan karon 'yan Dimokurat ne suka riƙe ƙuri'unsu suna neman a tsawaita tallafin inshorar lafiya. Ka lura da abu ɗaya: a 2013 ba a soke dokar Obama ba, a 2019 Trump ya buɗe gwamnati ba tare da kuɗin katangar a hannu ba, a 2025 abin da 'yan Dimokurat suka samu kan tallafin alkawarin kaɗa ƙuri'a ne kawai. Wanda ya riƙe kasafi don ya ƙwaci wata buƙata, da wuya ya same ta. Duk da haka ana sake yi, don magoya baya suna son su ga an ja daga.

Kai da kake cin albashi ba sai na yi maka dogon bayanin abin da wata guda babu biya yake jawowa ba. A rufewar 2018 zuwa 2019 ma'aikata kusan 800,000 abin ya shafa, wajen 380,000 suna gida, wajen 420,000 suna aiki a bashi. A ta 2025 adadin ya haura miliyan ɗaya. Mu nan mukan ɗauka duk ma'aikacin Amurka mai kuɗi ne, alhali mai binciken jaka a filin jirgi ko mai gadin gidan yari hannu baka hannu ƙwarya yake yi kamar kowa. Rayuwar can kuma wata-wata ake biyanta: haya, bashin gida, bashin mota, kuɗin renon yara. Mu mai gida yakan karɓi hayar shekara, mai kanti a unguwa yakan rubuta maka a littafi har albashi ya zo. Can in ka tsallake biya, banki yana da rajistar da ake rubuta amincin kowa wajen biyan bashi, tabon kuma zai bi ka shekaru, ya tsadar maka da duk rancen da za ka nema nan gaba. An ga ma'aikata sanye da katin shaidar ofis suna layin abincin sadaka a Washington. Dakarun tsaron gaɓar teku, waɗanda sojoji ne, sun yi aiki a Janairun 2019 babu albashi, domin kasafinsu yana ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida ne, ba ta tsaro ba. Sakataren kasuwanci na lokacin, Wilbur Ross, attajiri, ya fito a talabijin yana mamakin me ya kai su layin abinci alhali za su iya cin bashi a banki. Su kuwa 'yan majalisa, masu dala 174,000 a shekara, albashinsu bai taɓa tsayawa ba, haka ma na shugaban ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Janairun 2019 an yi doka mai tabbatar wa ma'aikatan tarayya cewa za a biya su ariyas da zarar an buɗe. Gyara ne mai kyau, amma ya bar ramuka biyu. Na farko, ariyas ba ya biyan tarar makara da banki ya riga ya ɗora maka, ba ya mayar da motar da aka ƙwace. Na biyu shi ne wanda ya fi damuna: 'yan kwangila ba sa ciki. Matar da take share ofisoshin ma'aikata da dare, mai gadin ƙofar gidan tarihi, mai dafa abinci a kantin ofis, yawancinsu kamfani ne ya ɗauke su, awa-awa ake biyansu. In an rufe ginin babu awa, in babu awa babu kuɗi, ranar da aka buɗe kuma babu wanda zai biya su kwanakin da suka wuce. Su ne mafi ƙarancin albashi a ginin, su ne kuma asararsu ba ta dawowa.

Jama'ar gari ma suna ji a jikinsu, sai dai a hankali abin yake shiga. A 2013 babban asibitin bincike na gwamnati da ke kusa da Washington ya dakatar da karɓar yawancin sababbin majinyata, kusan 200 a mako, cikinsu da yara masu ciwon daji. A 2019 kotunan shige da fice sun ɗage shari'u dubun-dubata, wanda ya yi shekaru yana jiran ranarsa aka sake mayar da shi baya. Duk mai ɗan'uwa da ke neman takardun zama a can ya san nauyin wannan. An bar gandun daji na Joshua Tree a Kaliforniya babu isassun masu tsaro, mutane suka shiga da motoci suka sare itatuwan da sai an yi shekaru aru-aru kafin su girma. A 2025 abin ya kai ga tukunya: tallafin abincin da mutum kusan miliyan 42 suke karɓa ya tsaya a farkon Nuwamba, aka yi ta kai ruwa rana a kotuna har zuwa kotun ƙoli. Hukumar jiragen sama ta umarci a rage tashin jirage a manyan filaye 40 saboda masu kula da sararin sama, da suke aiki babu biya, sun fara ƙaranci a bakin aiki. Hukumar ƙididdiga ba ta tattara alƙaluman rashin aikin yi na watan Oktoba ba, giɓin da ba zai ciku ba, domin ba a komawa baya a tambayi mutane.

Kuma kada ka ɗauka ana yin tsimi. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta cewa rufewar kwana 35 ta rage wa tattalin arziki dala biliyan 11, biliyan 3 daga ciki ba za su dawo ba. Wani kwamitin majalisar dattawa ya lissafa a 2019 cewa rufewa uku na baya-bayan nan a lokacin sun ci wa masu biyan haraji kusan dala biliyan 4, akasari ariyas na aikin da aka hana mutane yi. An biya kuɗin, ba a sami aikin ba.

To, me zai hana? Shawarwari suna nan jibge a majalisa, amma ba duka ne magani ba.

Wadda ta fi farin jini ita ce a riƙe albashin 'yan majalisa har sai sun yi kasafi. Tana da daɗin ji. Matsalarta gyara na 27 na tsarin mulki, wanda aka tabbatar a 1992, ya hana canza albashin 'yan majalisa sai bayan zaɓe na gaba, don haka iyakar abin da aka iya yi a 2013 shi ne dokar ajiye albashin a gefe a ba su daga baya. Bayan haka, da yawansu attajirai ne, albashin ba ya gabansu. Wanda zai ji zafi shi ne ɗan majalisa talaka, kuma ba shi ne yake yanke shawara ba. A Kaliforniya an gwada: a 2010 masu zaɓe suka amince ɗan majalisar jiha ya rasa albashin duk ranar da kasafi ya wuce 15 ga Yuni, kuma lallai makarar ta daina. Amma a cikin wannan gyaran aka sauke ƙuri'ar da ake buƙata daga kashi biyu cikin uku zuwa rinjaye kawai, kuma a ganina wannan ne ya yi aikin, ba yanke albashin ba.

Ta biyu ita ce a bar rufewar amma a cire mata ƙaya ɗaya bayan ɗaya: a biya sojoji, a biya masu kula da jirage, a saki tallafin abinci. An yi wa sojoji haka da doka a jajibirin rufewar 2013. A 2025 gwamnati ta kwaso kusan dala biliyan 8 daga kuɗin binciken makamai ta biya su. A nan dole mutum ya faɗi gaskiya mai ɗaci. Abin da ya kawo ƙarshen rufewar 2019 shi ne ranar 25 ga Janairu wasu 'yan tsirarun masu kula da sararin sama ba su zo aiki ba, jirage suka tsaya a filin LaGuardia na New York, kafin dare an daidaita. A 2025 ma sai da jirage suka fara sokewa, abinci ya yanke, sannan sanatoci takwas daga ɓangaren Dimokurat suka ba da ƙuri'unsu aka sami 60. Zafin da ya kai ga masu faɗa a ji shi yake buɗe gwamnati. In ka cire wannan zafin ka bar sauran, ka sauƙaƙa wa 'yan siyasa su yi wata uku suna jayayya, mai shara da mai binciken cututtuka suna zaune a gida babu mai tunawa da su. Ban ce kada a biya soja ba. Na ce wannan rage raɗaɗi ne da yake iya tsawaita cutar.

Maganin da na yarda da shi shi ne a canza abin da yake faruwa in ba a daidaita ba. Yanzu doka tana cewa in babu sabon kasafi, kome ya tsaya. Sai a mayar da ita ta ce in babu sabon kasafi, na bara ya ci gaba da kansa. Ba sabon abu ba ne. Sashe na 111 na tsarin mulkin Jamus ya ba gwamnati ikon ci gaba da biyan abin da doka ta riga ta ɗora mata har a yi kasafi. A Sifen kasafin bara ne yake sabunta kansa. Beljiyam ta yi kwana 541 tsakanin 2010 da 2011 babu cikakkiyar gwamnati, malaman makaranta ba su rasa albashi ba. Ƙasashe masu tsarin firaminista kuma in majalisa ta hana kuɗi gwamnatin ce take faɗuwa. A Ostareliya a 1975 da majalisar dattawa ta riƙe kasafi, Firaminista Gough Whitlam ne ya rasa kujerarsa. A cikin Amurkar kanta jihohin Wisconsin da Rhode Island da North Carolina suna da irin wannan doka.

Mu ma muna da ita, kuma saboda ita ne ba ka taɓa jin an rufe gwamnatin Najeriya don kasafi ba. Sashe na 82 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon fitar da kuɗi har tsawon wata shida, daidai gwargwadon na bara, in ba a sa hannu a sabon kasafi ba. Sashe na 122 ya ba gwamnoni irin wannan iko. Gana wata uku ta ba da. Waɗanda suka rubuta mana tsarin sun ɗauko na Amurka amma sun toshe wannan ramin, kuma sun kyauta. Sai dai mu ne kuma shaidar farashin da ake biya. Kasafin 2016 sai a Mayu aka sa masa hannu, na 2017 a Yuni, na 2018 ranar 20 ga Yuni, saura kwana goma wa'adin wata shidan ya cika. Albashi na tafiya, don haka babu mai gaggawa, amma hanya da asibiti da rijiyar burtsatse da ke cikin sabon kasafi suna jira har damina ta shigo. North Carolina ma haka ta faru da ita: bayan gwamna Roy Cooper ya hau kujerar na ƙi kan kasafin 2019, ba a sake yin cikakken kasafi ba sai a Nuwambar 2021, malamai suka zauna babu ƙarin albashin da ake ta alkawari. Kasafin bara bai san farashi ya tashi ba, ba ya ba da izinin fara sabon aiki, yana ci gaba da zuba kuɗi a shirin da ya kamata a rufe. Ka kuma tuna cewa sashe na 122 bai hana jihohi bin ma'aikata bashin albashin watanni ba har sai da tarayya ta kai musu ɗauki a 2015. Dokar tana maganin rashin izini ne, ba ta maganin rashin kuɗi ko rashin amana.

Ke nan aikin yana wajen tsara dokar yadda 'yan majalisa ba za su miƙe ƙafa ba. Tsohon sanata Rob Portman ya daɗe yana kawo ƙudirin da ya ce bayan kwana 120 a rage kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin, sannan a riƙa ƙara ragewa duk kwana 90. Wannan ban yarda da shi ba. Ɗan majalisar da burinsa dama a rage kashe kuɗi, ka ba shi abin da yake so a kyauta, sai ya naɗe hannu ya bar agogo ya yi masa aiki. Haka in aka ce kuɗin ya riƙa ƙaruwa da kansa, ɗaya ɓangaren ne zai naɗe hannu. Dole dokar ta zama ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi. Sanata Mark Warner ya kawo nasa a 2019, wanda ya ce kowa ya ci gaba da samun kuɗi ban da majalisa da ofishin shugaban ƙasa. Yana da ma'ana, amma ƙananan ma'aikatan majalisar ne za su kwana da yunwa. Wanda ya fi kwanta mini shi ne na sanatoci James Lankford ɗan Rifablikan da Maggie Hassan 'yar Dimokurat: kasafin bara ya riƙa sabunta kansa duk kwana 14, a lokacin kuma babu hutun majalisa, babu tafiya da kuɗin gwamnati, ana zama kullum har da ƙarshen mako, ba a kuma taɓa wani ƙudiri sai na kasafi. Ɗan majalisa yana iya jure rashin albashi, amma hana shi komawa mazaɓa da zuwa taron tara kuɗin kamfe, wannan yana ji.

Me ya sa ba a yi ba? An kusa. A 1997 majalisar da 'yan Rifablikan suke da rinjaye ta cusa irin wannan tanadi a cikin dokar agajin ambaliya, Clinton ya ƙi sa hannu, don yana ganin dabara ce ta daskare kuɗin shirye-shiryensa. A Oktobar 2023 na Lankford da Hassan ya sami ƙuri'a 56 a majalisar dattawa, ya gaza kai 60. Masu adawa iri biyu ne. Akwai 'yan kwamitin rabon kuɗi na jam'iyyun biyu, waɗanda ƙarfinsu gaba ɗaya yana cikin wa'adin nan: in gwamnati za ta iya tafiya babu sabon kasafi, wa zai zo ya roƙe su? Suna kuma da hujja ta gaskiya, cewa majalisar da ta daina rubuta kasafi ta miƙa ikonta ga fadar shugaban ƙasa. Sannan akwai lissafin da kowace jam'iyya take yi a ɓoye. Wadda take da rinjaye yau ta san gobe tana iya komawa ƙasa, kuma wa'adin kasafi yana cikin 'yan lokutan da ake dole a saurari marasa rinjaye. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya yana tsine wa rufewa in jam'iyyarsa ce a fada, bayan shekara huɗu yana kare ta. Batun soke ƙa'idar ƙuri'a 60 ma, da Trump ya nema a tsakiyar rufewar 2025, sanatocin jam'iyyarsa ne suka ƙi, saboda wannan lissafin.

Abin da ya fi yiwuwa a kusa shi ne gyara ƙanana. Tun 2009 ake ware kuɗin asibitocin tsofaffin sojoji shekara guda gaba, don haka rufewa ba ta taɓa su. A ƙarshen 2022 aka yi wa hukumar lafiyar 'yan asalin ƙasar irin wannan gata, bayan wahalar da asibitocinsu suka sha a 2019. Wannan hanya ta fi ta biyan wasu a tsakiyar rikici tsabta, tun da ana yin ta ne tun kafin a san wa zai riƙe wa wuya, ko da yake ita ma tana da wancan aibin na rage matsin da yake sa a buɗe. Ƙudirin biyan 'yan kwangila ariyas kuwa, wanda Sanata Tina Smith da 'yar majalisar wakilai Ayanna Pressley suka gabatar a 2019, an sake kawo shi a 2023 da 2025, kuma dokar da ta buɗe gwamnati ranar 12 ga Nuwambar 2025 ba ta ɗauke shi ba.